Zuwa Kaltungo da Takardar Tambayoyi

Ni 'yar garin Gombe ce, ina shekara ta biyu a karatun aikin jinya a jami'a. Yau labarin wata tafiya zan ba ku, wadda muka yi mu uku zuwa Kaltungo a kakar bara, saboda wata jinga da malamarmu ta ba mu dab da za mu tafi ɗan gajeren hutu.

Jingar ba ta da tsawo. Kowane rukuni ya nemi nas da ke bakin aiki, ya yi hira da ita ko da shi, ya rubuto rahoto. Sharuɗɗa huɗu ta gindaya mana: kada tambayoyi su wuce goma, a nemi izini kafin a je, kada a ɗauki hoton mara lafiya, kuma kada sunan wani mara lafiya ya fito a rahoton. Sannan ta ce rabin makin a kan tambayoyin zai tafi. Muka yi ta dariya ƙasa-ƙasa, don a ganinmu babu abin da ya kai tambaya sauƙi, tunda ko ɗan shekara uku yana wuni yana yin ta.

Rukuninmu ni ce da ƙawata da muke unguwa ɗaya a Gombe, sai wani ɗan ajinmu mutumin Billiri. Kada ku yi mamaki, maza ma suna karatun nas, kuma ba kaɗan ba ne a ajinmu. Shi ya ce aminiyar mahaifiyarsa ta daɗe tana aiki a asibitin saran maciji na Kaltungo, kuma ta yarda ta zauna da mu idan muka zo da takarda daga sashenmu. Ƙawata ta so mu je asibitin da ke kusa da gida mu gama cikin awa guda. Ni kuwa na dage sai Kaltungo, ban kuma gaya musu dalili ba.

Ku zan gaya muku. Ina 'yar shekara goma sha uku, maciji ya sari Baffana, ƙanin mahaifina, a gonarsa da ke ƙauye yana tattara harawa. Aka ɗaure masa ƙafa da robar taya, aka kai shi wurin mai magani, aka yi masa tsaga aka shafa gari. Washegari ya tashi har ya ci tuwo, kowa ya ce an auna arziki. A kwana na uku jini ya fara zuba daga dasashinsa da kuma wurin tsagar, ya ƙi tsayawa. Kafin a samo motar da za ta kai shi gari, rai ya yi halinsa. Ya bar 'ya'ya biyar, Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar akwai wata tambaya a raina da ban taɓa yi wa kowa ba.

Daren shiri

Daren da za mu tafi na kwana a gidan su ƙawata. Muka baje littattafai a tabarma, muka kira ɗan Billiri a waya, kowa yana jefo tasa ni ina rubutawa. Kafin ƙarfe goma mun tara tambaya goma sha bakwai. Ga kaɗan daga ciki: Nawa ne albashinki? Ta yaya nas ke samun aiki a Ingila ko Saudiyya? Likitoci suna raina ku? Kina tsoron jini? Aikinki yana da wahala? Kin taɓa nadamar zama nas? Muka kwanta muna jin mun gama komai, saura kawai mu zubar da bakwai a hanya. Tawa ta Baffa ban saka ta a takardar ba.

A hanyar Kumo

Da sassafe muka shiga motar haya a tasha, muka ɗauki hanyar da ta yi kudu, wadda ke bi ta Kumo da Billiri da Kaltungo, ta wuce Cham da Numan har Yola. Ga wanda bai san jiharmu ba, an cire ta ne daga Jihar Bauchi a 1996, tana da ƙananan hukumomi goma sha ɗaya, kuma Kaltungo ɗaya ce daga cikin na kudancinta. Tafiyar daga Gombe ba ta kai awa biyu ba.

Lokacin kaka ne, don haka ko'ina ka duba aiki ake yi. Masara ta bushe a tsaye, an girbe gero an tsayar da buka-buka na kara, mata da yara sun sunkuya suna roron wake, amalanken shanu na fitowa daga gonaki da dammuna.

Ƙawata ta fito da takardar tana karantawa da ɗan ƙarfi domin mu zaɓi waɗanda za mu cire. Da ta zo kan "Aikinki yana da wahala?" sai direba ya dubo mu ta madubi ya ce, "'Yan makaranta, ni ma ku tambaye ni ko tuƙi da wahala. Zan ce muku e. To, da me kuka ƙaru?" Mota ta ɗauki dariya, mu kuwa kunya ta rufe mu.

Nan na tuna laccar da aka yi mana kan magana da mara lafiya. Akwai rufaffiyar tambaya, wadda amsarta e ce ko a'a, akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda ke sa mutum ya ba ka labari. Kowacce da wurinta. Idan kana son tabbatar da abu guda cikin gaggawa, rufaffiya ta fi. Idan kuwa koyo ka zo yi, sai buɗaɗɗiya. Muka ƙirga namu, tara daga cikin sha bakwai rufaffu ne. Kafin mu shiga Kumo mun mayar da waccan ta wahala zuwa: "Ki ba mu labarin daren da ya fi miki tsawo a bakin aiki."

Kusa da ni akwai wani dattijo da ya yi shiru tun daga tasha. Da ya ji muna ta ambaton maciji, sai ya gyara zama ya ce, "Jikokina, ku riƙa cewa igiyar ƙasa mana." Ya ce shi ko da rana bakinsa bai saba kama sunan ba, balle da dare. Sannan ya ce ya saurari takardar tamu tun daga farko, ya ji albashi, ya ji Ingila, ya ji raini. "To ina tamu, mu da ake sara?"

Babu wanda ya ba shi amsa. Na sake duba takardar. Gaskiyar Baba ce, duk tambayoyin a kanmu suke, a kan abin da za mu samu da abin da muke tsoro. Ya nuna mana gonakin ta taga ya ce mu dubi ƙafafun masu aikin. Sai a lokacin na lura. Mafi yawansu silifa ce a ƙafarsu, wasu ma babu takalmin sam, kuma da hannu suke ɗaga dammuna da tarin harawa, inda maciji ke son laɓewa. Na sha bin wannan hanya, amma ban taɓa duban ƙafar kowa ba.

Ƙasar duwatsu

A Billiri ɗan ajinmu ya shigo motar. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama, duwatsu suka riƙa tasowa dama da hagu, gonaki na shiga har gindinsu. Ya ce wannan ƙasar Tangale ce, gaba kuma akwai Tula da Awak da Kamo da wasu ƙabilun, kowace da harshenta, amma a kasuwa da tasha da Hausa ake haɗuwa. Muna wuce coci muna wuce masallaci, wani lokaci a layi ɗaya.

Shi ya ba mu labarin macijin da ya fi addabar yankin, wato kububuwa, wadda ake wa kirari da "gobe da nisa". Ƙarama ce, yawanci tsawonta bai wuce kamu ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, kuma launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Idan ta ji motsi takan naɗe ta riƙa goga jikinta da juna, sai ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Ta fi yawo daga magariba zuwa dare. Sara yakan yawaita lokacin shuka da noma da kuma girbi, saboda a lokacin ne mutane suka fi zama a gona.

Na rubuta sabuwar tambaya a bayan takardar: "Me ya sa wanda kububuwa ta sara yakan ji kamar ya warke kafin jini ya ɓalle?" Ƙawata ta leƙa ta ce ina na samo wannan. Na ce mata ai kawai ta zo mini.

A ƙarƙashin darbejiya

Kaltungo gari ne da ke kwance a bakin babbar hanya, duwatsu na kallonsa. Muka sauka wajen ƙarfe goma, muka hau babur zuwa asibitin. Asalinsa ɗaki ne na masu saran maciji a babban asibitin garin, daga baya ya zama asibiti na musamman na magani da bincike, kuma ana kawo masa marasa lafiya daga Adamawa da Taraba da Bauchi da Borno, ba daga Gombe kaɗai ba. Muka miƙa takardarmu, aka ce Sista tana aikin safe, sai ta tashi da ƙarfe biyu. Muka samu benci a ƙarƙashin wata darbejiya.

Da farko mun ji haushin jiran, amma awa huɗun nan su suka gyara mana jingar. A inuwa 'yan uwan marasa lafiya ne suka shimfiɗa tabarmi. Ga makiyaya da sanduna da malafuna, ga mata suna dama kunu, kana jin Fulatanci a nan, Tangale a can, Hausa a tsakani. Duk wanda ka duba za ka ga alamar daga gona ko daga kiwo ya taso, bai shirya tafiya ba.

Muna zaune sai ga babur ya shigo da mutum uku: mai tuƙi, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba a tsakiya, da mahaifinsa a baya yana riƙe da shi. An ɗaure ƙafar yaron da tsumma a ƙasan gwiwa. Wata nas ta fito da sauri amma ba da gudu ba, ana shiga da yaron tana yi wa uban tambayoyi cikin sanyin murya. Daga inda muke mun ji guda biyu: "Baba, ƙarfe nawa abin ya faru?" da "Me aka ba shi a gida?"

Muka dubi juna. Ashe ita ma da tambaya take fara aikinta, kuma kowace tambaya tata akwai abin da za ta yi da amsarta nan take. Sai muka ɗauki wannan ya zama ma'auninmu: duk tambayar da ba mu san abin da za mu yi da amsarta ba, a soke ta. Ta tsoron jini ta fita, ta raini ta fita, ta nadama ta fita. Muka kuma cire waɗanda amsarsu na cikin littafi ko intanet, don bai kamata mu ɓata lokacin mai aiki da abin da za mu iya karantawa da kanmu ba. Alal misali, mun riga mun san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci a 2017, kuma ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. Daga nan muka jera goman da suka rage, masu sauƙi a farko, masu nauyi a ƙarshe, muka raba wanda zai yi tambaya da wanda zai rubuta.

Zama da Sista

Da ƙarfe biyu da 'yan mintoci ta fito, bayan ta miƙa aiki ga masu karɓar ta. Ashe ita ce wadda ta tarbi yaron. Dattijuwa ce da za ta kai shekara hamsin, da ɗan agogo a maƙale a ƙirjin rigarta. Ɗan Billiri ya rusuna ya ce, "Mama, sannu da aiki." Mu ma muka gaishe ta. Kafin mu buɗe baki ta riga mu: "'Ya'yana, kun ci abinci? Me za ku yi da abin da zan faɗa? Wa zai karanta?" Sai da muka yi mata bayani sannan ta zauna.

Tambayar farko ita ce abin da take fara yi idan an kawo wanda aka sara. Ta ce tana duba numfashi da bugun jini, ta kwantar masa da hankali, ta tambayi lokacin saran da abin da aka yi a gida, ta leƙa dasashi, ta duba inda kumburi ya kai ta yi alama da biro domin a gane ko yana hawa. Sai kuma gwajin minti ashirin. Ana ɗibar jini kaɗan a zuba a sabuwar 'yar kwalbar gilashi, busasshiya mai tsabta, a ajiye ba a taɓa ba har minti ashirin, sannan a karkata ta sau ɗaya. Idan jinin ya daskare, da sauƙi, amma za a ci gaba da sa ido a sake gwadawa. Idan ya kwarara kamar ruwa, dafi ya shiga jiki, sai a ba da makari. Dole kwalbar ta zama ta gilashi, don a roba jini ba ya daskarewa yadda ya kamata, kuma wadda aka wanke da sabulu tana iya ba da sakamakon ƙarya. Daga baya na karanta cewa wani likita ɗan Birtaniya, Farfesa David Warrell, wanda ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, shi da abokan aikinsa ne suka bayyana gwajin a bincikensu kan saran kububuwa a Najeriya. Yanzu ana amfani da shi a ƙasashe da dama.

Sai na yi tawa ta bayan takarda. Ta ce dafin kububuwa yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. Mutum na iya tashi ya ci abinci ya yi hira alhali jininsa ya riga ya zama kamar ruwa. Bayan kwana ɗaya ko fiye sai ya fara fita ta dasashi ko hanci ko fitsari ko tsohon rauni, wani lokaci ya zuba a cikin ciki ko a ƙwaƙwalwa inda ido ba ya gani. Bincike ya nuna cewa idan ba a samu makari ba, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na waɗanda dafinta ya kama suna mutuwa. Shi ya sa tsaga ke da haɗari ƙwarai, don buɗe wa jinin ƙofa ne aka yi.

Ɗan Billiri ya tambayi daga ina makarin yake fitowa. Ta ce daga jikin dabba. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har jikinsu ya samar da garkuwa, sai a ɗebi jininsu a tace garkuwar. Wani haɗin gwiwa tsakanin masana na Najeriya da na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Libaful ya samar da makari mai suna EchiTAb daga dafin macizan ƙasarmu. Akwai wanda aka yi da tumaki a Birtaniya domin kububuwa kaɗai, akwai wanda aka yi da dawaki a Kosta Rika domin kububuwa da kasa da kumurci. Ta jijiya ake ba da shi, kuma yaro da babba adadi ɗaya suke samu, saboda maciji ba ya rage dafi don ya ga yaro ne.

Da ƙawata ta tambaye ta daren da ya fi mata tsawo, ba ta ba mu labarin wani mara lafiya guda ba. Ta ce duk daren da gadaje suka cika a lokacin kaka dogo ne, kuma mafi yawan aikin kallo ne. Makari kan tayar wa wasu da ƙaiƙayi ko ƙuraje ko tari ko sarƙewar numfashi, don haka kafin a fara ba da shi an riga an zuƙi allurar adiranalin an ajiye a kusa, nas kuma ba ta yin nisa da gadon. Bayan awa shida a sake gwajin kwalba, idan jinin bai daskare ba a ƙara makari. Ta taɓa agogon ƙirjinta ta ce shi ne abokin aikinta na farko.

Muka tambaye ta yadda take yi da mutumin da ya ɓoye abin da aka yi masa a gida. Ta ce idan ka tambayi uba, "Me ya sa kuka daɗe?" ka riga ka tuhume shi, zai rufe baki. Idan ka ce, "Baba, gaya mini abin da kuka yi tun daga gona har zuwa nan," zai faɗa maka komai, har da jiƙon da aka ba yaron. Ta ƙara da cewa ba kowane maciji ke da dafi mai kisa ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba dafi ba. Irin waɗannan mutane ko ba a yi musu komai ba za su tashi, shi ya sa ake ganin kamar tsaga ko baƙin dutse sun yi aiki, har a ba maƙwabci shawara.

Bayan ta goma, ƙawata ta kasa haƙuri ta ce, "Sista, ba ta cikin takarda, amma albashi fa?" Ta yi dariya ta ce babu kunya a wannan tambaya, duk mai zaɓen sana'a ya kamata ya yi ta. Ta ce nas-nas na gwamnati suna kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS, mu nemi jadawalin mu karanta da kanmu, sannan mu auna shi da irin daren da ta ba mu labari.

Tambayar da ba ta cikin takarda

Muna shirin tashi, ta dube ni ta ce, "Ke kuma 'yata, tun ɗazu akwai abin da ke bakinki." Ban san lokacin da na fara ba ta labarin Baffa ba, tun daga harawa har zuwa motar da ba ta zo ba. Abokan tafiyata ma a ranar suka fara ji. Na ce, "Sista, da an kawo shi nan, da ya rayu?"

Ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "Rai na Allah ne, ban isa in ce miki e ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, alamun da kika lissafa irin na kububuwa ne, kuma na ga masu irinsu da yawa an shigo da su a hannu sun fita da ƙafarsu. Kwanakin nan da ya yi a gida yana cin tuwo, a cikinsu ne magani yake da damar yin aiki." Ta riƙe hannuna ta ce kada in ji haushin waɗanda suka ɗaure shi suka yi masa tsaga, domin son sa suke yi, kuma iyakar saninsu ke nan. "Ke yanzu kin san wani abu. Ki kai musu."

Muna fita muka haɗu da mahaifin yaron nan a bakin ƙofa da kofi a hannu. Muka yi masa ya mai jiki. Ya ce da sauƙi, jinin bakin ya tsaya, har yaron ya nemi kunu, amma an ce sai an sake gwaji da yamma. Ramin gafiya ya zura wa ƙafa yana tono shi da abokansa.

Abin da na kawo muku

Ƙannena, musamman ku da ke zuwa gona ko kiwo ko itace a lokacin hutu, ga abin da muka rubuta a ƙarshen rahotonmu. Idan maciji ya sari wani, a matsa daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko awarwaro ko takalmi kafin kumburi ya taso. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi kada ya yi tafiya da ƙafa in da hali, a nufi asibiti nan take ko da ya ce ba ya jin komai. Kada a ɗaure tamau da roba ko igiya, kada a yi tsaga, kada a tsotse, kada a tsaya neman macijin. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, don suna ƙara zubar jini. Idan kumurci ne ya fesa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. A lura da lokacin da abin ya faru, domin shi za a fara tambaya. Wajen rigakafi kuwa, a sa takalmin roba mai tsawo a gona, a riƙe tocila da dare, a kwana cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, a share tarkacen da ke tara ɓeraye, kuma a bar zura hannu ko ƙafa a rami.

Masu sha'awar aikin jinya kuma, ku riƙe darussan kimiyya da kyau tun yanzu. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Digirin jami'a shekara biyar ne, akwai kuma kwalejojin koyon aikin jinya da ungozoma, kuma ta kowace hanya ka bi sai ka ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya kafin a ba ka lasisi.

Kafin hutu ya ƙare na je ƙauyenmu da tocila biyu da takalman roba na manyan 'ya'yan Baffa, waɗanda mahaifina ya saya. Na so in tara mutane in yi musu lacca, sai na tuna da uban da ake tuhuma ya rufe baki. Na zauna a zaure bayan la'asar na gaishe da dattawa, na ce, "Iyayena, idan igiyar ƙasa ta taɓa wani da tsakar dare, wa ke da babur a garin nan? Wa ke da lambarsa? Ina za a nufa?" Suka ɗauki kusan awa guda suna muhawara a tsakaninsu, kafin a tashi an rubuta lambar waya uku a bangon zauren.

Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata. Ga jinga ni ma na ba ku: ku haɗu ku biyu ko uku, ku nemi izinin malaminku da iyayenku, ku rubuta tambaya biyar, ku je wurin nas ɗin da ke asibitin garinku a lokacin da ta tashi daga aiki. Ku karanta tambayoyin a gaban wani babba kafin ku tafi, ku soke duk wadda amsarta e ce kawai. Ta farko kuwa na zaɓa muku ita: wane asibiti ne mafi kusa da mu da ke ajiye makarin dafin maciji, kuma tafiyar minti nawa ce a babur? Duk wanda ya samo amsa ya kai ta gida.